Tani Mai Tuwo da Ƙaurin Kuloci

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da sifana a tashar Isa, amma idan mota ta fara ƙauri ba wurina direbobi suke fara zuwa ba. Sai su zagaya ta bayan rumfunan masu abinci, su tsaya daidai murhun Inna Tani, su bar inji yana aiki, su sauko suna gaishe ta kamar yunwa ce ta kawo su. Ita kuwa ko kallon motar ba ta yi. Tana cikin tuƙa tuwo za ta ɗaga hanci sau ɗaya ta ce, "Birki na, tayar baya." Ko ta ce, "Waya ta ka ci, kashe ta maza." Daga nan sai a turo min motar in yi aikin, ni da na ci baƙar wuya a garejin Gusau kafin a ba ni sifana. Sunana Ɗanmusa, kuma gara in faɗa tun yanzu: na daɗe ina ƙyashin matar nan, har yau ma bai gama sakina ba.

A Unguwar Lalle aka haife ta, gidan manoman gero. Uwarta mai daddawa ce, irin wadda ba ta buɗe kwando don ta ga ko kalwa ta nuna, daga bakin ƙofa take shinshinawa ta ce a ƙara mata kwana. A nan Tani ta gaji hanci. Ta auri Malami, direban wata a-kori-kura da ke ɗauko gero da dawa daga Turba da Gatawa zuwa kasuwanni, ta tare a nan Isa. Ba ta taɓa koyon tuƙi ba, ba ta taɓa buɗe bonet ba. Abin da ta yi shekara ashirin da wani abu tana yi shi ne wankin kayan mijinta.

Daga wasa abin ya fara. Malami yakan dawo ya tuɓe riga da wando ya jefa mata, ya ce ta faɗi abin da ya sami motar yau. Da farko tana kuskure, yana yi mata dariya yana gyara mata. A hankali ta rarrabe su. Ƙaurin birki na ƙarfe ne mai zafi, a hannun riga yake zama, domin direba yakan sauka ya taɓa taya. Waya idan ta ƙone kamar leda ce a murhu. Baƙin mai da ya ɗiga kan salansa nauyi gare shi, yana bin gashin kai. Shi kuwa kuloci, in ji ta, kamar ƙahon ragon layya ne ana babbaka, an haɗa da tsohuwar takarda, kuma ta ƙasan mota yake tasowa ya kama ƙafar wando. Da na ji wannan bayani a bakin wani direba na yi tsaki, amma a raina na san ko maigidana na Gusau bai taɓa faɗar abin da kyau haka ba.

Na san Malami sarai, ni nake masa gyara. Mutum ne mai raha da son goro. A shekararsa ta ƙarshe a kan hanya motarsa ta shiga cin faifan kuloci, in sa sabo yau, bayan wata biyu ya ƙone. Da na gaji na ce masa motar ce ta tsufa, ya rabu da ita kafin ta cinye shi. Ya ji shawarata ya sayar. Ya koma zaman ƙofar gida, bai cika shekara ba ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. Bayan takaba Tani ta kafa tukunya a tasha, tuwon dawa da miyar kuka, shekara biyar ke nan.

Tun makonta na farko ta fara shiga min hanci. Wani ya tsaya sayen tuwo ta ce masa birkinsa ya riƙe, ya yi gardama, bai kai bakin gari ba taya ta fara hayaƙi. Shi ke nan labari ya bazu. Ba ta karɓar ko sisi a kan wannan, kuma duk wanda ta faɗa wa matsalarsa wurina take turo shi. Wannan ya fi komai ba ni haushi, domin ta hana ni dalilin da zan ƙi ta. Da tana zagina a bayan ido da na sami na riƙewa. Nakan ci tuwonta kullum, ina ci ina neman aibinsa, ban taɓa samu ba.

Sai ga maganar Muzammilu.

Muzammilu matashin direba ne mai mata da 'ya'ya uku, yana jan ƙaramar bas tsakanin Isa da Sabon Birni. Daminar bara, a wani wuri mai duhun itatuwa da direbobi suke kira Kwanar Marke, ya hango mutane da bindigogi sun tare hanya. Ya taka birki, ya jefa giyar baya, ya yi ta gudu da baya har ya sami wurin juyawa, ya dawo da fasinjansa goma sha huɗu ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Tun ranar tasha ta sa masa suna Zaki. Mata masu goyo sukan bar mota ta cika ta tafi su jira tasa, wai shi zuciyarsa ba ta rawa.

To bas ɗin Zaki ce ta ƙone faifan kuloci uku a cikin wata biyar, kuma duka ukun hannuna ne ya ɗaura su.

Babu abin da ban duba ba. Na ja hambirki na sa giya ta huɗu na saki kuloci a hankali, inji ya mutu nan take kamar yadda lafiyayye yake yi. Na sauke giya na haska ko mai yana yoyo ya jiƙa faifan, wurin a bushe yake. Na auna sakin fedar kulocin, daidai. Na tsaya a kan lodinsa kwana biyu, bai fi na kowa ba. Na ɗora laifi a kan kayan jabu, na je Sakkwato da ƙafata na zaɓo faifai da hannuna. Mako shida ya yi, Muzammilu ya dawo yana taka totur inji yana ihu mota tana tafiyar hawainiya.

An kai motar gaban murhun Inna Tani mana, ai ba a fasa ba. Ta shinshina ta ce, "Kuloci na," ta ci gaba da kwasar tuwo. Suka ce wannan kowa ya sani, abin da ke cin sa suke tambaya. Ta ce ita mai tuwo ce. Ranar na yi farin cikin da nake jin kunyar faɗa. Na ce a raina yau dai hanci ya kai iyakarsa, har na sayi nama biyu.

Farin cikin bai kwana biyu ba. Shugaban direbobin tashar, Alhaji Abubakar Siddiƙ, ya same ni a gareji, ya zauna kan tsohuwar taya ya yi maganarsa a hankali, irin ta mutumin da ya riga ya yanke shawara.

"Ɗanmusa, hanyag ga ba ta mutuwar mota ba ta. In mota tal lalace cikin dajin can, ka san abin da ka biyo baya. Mutane sun hwara cewa hannunka ya tashi aiki. In na huɗu yaƙ ƙone, za ni ce ma yaranmu su koma wani gareji."

Ya tashi ya tafi, na bi bayansa da kallo. Bakanike ba shi da gona, ba shi da shago, sunansa ne jarinsa. Idan aka ce hannunka ya tashi aiki a gari irin Isa, ko ka bar garin maganar za ta riga ka isa inda za ka.

Na ɗaura na huɗu ranar Talata. Laraba da rana na je cin tuwo, Inna Tani ta ajiye min kwano ba ta dube ni ba ta ce, "Gobe za ni suna Sabon Birni, motar Muzammilu za ni shiga. Kai ma da ka shiga."

"Inna, ni mi za ni yi Sabon Birni?"

"Shan iska," in ji ta.

Raina ya ɓaci. Wato yanzu mai tuwo ce za ta kai ni makaranta. Na rantse a zuci ba zan je ba, amma washegari da hantsi ina zaune a gidan gaba kusa da direba, ita tana bayanmu da ƙullin kayan barka a cinya.

Muka fita gari a jere da wasu motoci uku, kamar yadda ake yi yanzu. Na kasa kunne ina sauraron inji, ina jiran in kama shi da laifi. Lafiya lau. Muzammilu yana canza giya da tsabta, ba ya fizga, ba ya jan mota da babbar giya. Fasinja suna hirar tsadar taki da wanda ya yi aure da wanda ya koma Sakkwato da zama. Da muka doshi Kwanar Marke hirar ta fara mutuwa da kanta. Wani dattijo ya ciro carbi. Mace ta rufe wa ɗanta kai da mayafi.

Sai na ji shi. Siriri da farko, sannan ya cika min hanci, ƙahon rago da tsohuwar takarda. Na dubi hanya, shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu yashi, babu dalilin da zai sa kuloci ya wahala. Na dubi Muzammilu, fuskarsa a sake, hannu biyu a kan sitiyari, har yana ɗan motsa baki kamar mai bin waƙa.

"Ɗanmusa," in ji Inna Tani daga baya, "gorona ya hwaɗi nan ƙasa wajenku. Dibi min, don Allah."

Na sunkuya ina ƙunƙuni. Ga goron nan kusa da sandar giya. Ina miƙa hannu idona ya sauka kan ƙafafun direba. Ta dama tana kan totur. Ta hagu kuwa ba a ƙasa take ba, tana kan kuloci, ta danne shi kusan rabi, tana kakkarwa har silifas ɗin yana kaɗawa. A shirye take ta taka a jefa giyar baya. Na daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar goro yake bukata. Na ɗago ina satar kallon ƙafar, haka muka yi tafiya mai nisa, faifan da na zaɓo da hannuna yana gogawa yana ƙonewa. Da rufin kwanon gidajen Gatawa ya bayyana, ƙafar ta zame ta koma ƙasa. Na tabbata mai ita bai san ta hau ba, balle ya san ta sauka.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa min daɗi ne. Ashe ba hannuna ba ne. Kafin mu shiga Sabon Birni na gama tsara yadda zan faɗa a gaban Alhaji da direbobi, har da inda zan tsaya in yi shiru don maganar ta shige su. Kuma wannan karon ni na gani da idona, ba wani hanci ba.

Da aka sauke mu ta kira ni gefe, gindin wata bishiyar bedi a bakin tasha. Na miƙa mata goronta.

"Ka gani?"

"Na gani, Inna. Yau za ni wanke sunana."

"To. Kai ka wanke naka. Shi kau gobe wa za ya shiga motatai? Wa ka ba direba ɗiyanai in an ce ƙahwatai na rawa?"

Na ce ai gaskiya ce. Ta ce ta sani. Na tambaye ta tun yaushe ta gane, ta ce tun faifai na farko, ranar da Muzammilu ya zauna cin tuwo iska ta kaɗo mata ƙaurin ƙafar wandonsa ta hagu. Wata biyar tana riƙe da maganar da za ta sa a riƙa labarinta har Shinkafi, ta bari ana cewa hancinta ya gaza. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta gyara ƙullin da ke hannunta ta ce:

"Malami ma haka yay yi. Tun randa ɓarayi sunka biyo shi hanyar Turba. Kullum ina jin shi ga ƙahwar wandonai ta hagu, ita ɗai. Na san ba mota ba ta. Amma ƙaƙa za ni dubi mijina in ce mai tsoro ka ka ji? Tsoro na daji, kunya na gida. Nis sa ido har kac ce mai shi sai da ita."

Ba da zargi ta faɗa ba, da ma da zargi ne da ya fi min sauƙi. Na tuna Malami a ƙofar gida yana ɗaga wa motoci hannu. Na tuna yadda na buga bonet ɗin a-kori-kurarsa na ce ta gama yayi, ina jin kaina gwani. Motar tana nan har yau a hannun wani mutumin Turba, tana ɗaukar dawa.

"Ni hanci gare ni, Ɗanmusa," in ji ta. "Na san ciwon, ban san magani ba. Kai ad da hannu."

Shekara biyar ina jiran matar nan ta ce akwai abin da na fi ta. Ta faɗa, kuma ban ji daɗin komai ba.

Kwana biyu ina juya abin. Ba a ce wa mai tsoro ya daina, ƙafar nan sai ta taka wani abu ko an ƙi ko an so. To a ba ta abin takawa. Na samo guntun itacen ƙirya wurin masu sassaƙa turmi, na feƙe shi faɗin tafin ƙafa, na huda ƙasan bas ɗin a hagun kuloci na ɗaure shi da noti biyu, tsayinsa daidai da fedar. Na jira gareji ya zama babu kowa na kira Muzammilu.

"Ƙasan motag ga ya yi zurhi, ƙahwa ba ta samun wurin hutawa. In ka shiga daji ka aza ta nan. Taka iya ƙarhinka, ba ya karyewa. In bukata ta taso, ga kuloci nan dab da kai."

Ya dubi katakon, ya dube ni. Na ga maganar tana isa gare shi a hankali, har kunnuwansa suka yi kamar an watsa musu ruwan zafi.

"Oga, ka gani ke nan."

"Ni icce nig gani ya dace da wurin," na ce, na koma ƙarƙashin wata mota.

Faifai na huɗu ya yi wata biyu, ya yi huɗu, ya yi shida. Kuma ka san abin da tasha ta ce? Wai Inna Tani ta shiga motar sau ɗaya tak ta gano abin da ya gagari Ɗanmusa wata biyar. Katakon ma da wasu suka gani, cewa suka yi dabararta ce. Wasu har suka ce tofi ta yi masa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, direbobi sun cika rumfar Alhaji Abubakar Siddiƙ, ya kira ni a gaban kowa.

"Ɗanmusa, motar Zaki ta yi lahiya, mun gode Allah. Amma muna son mu san mi ac ciwonta, don rayuka mu ka ɗauka. Kayan na, ko aikin na?"

Ga amsar a bakina, na yi wata shida ina tauna ta. Muzammilu yana zaune a ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Daga inda nake ina hango Inna Tani tana kwashe tuwo a bayan hayaƙi, ba ta ko waiwayo ba. Na so ta waiwayo. Na so a ce akwai mutum ɗaya da zai ga abin da zan yi.

"Aikin na, Alhaji," na ce. "Akwai abin da ban lura da shi ba. Inna Tani tag gwada min."

Ba ƙarya na yi ba, shi ya sa ya fi ciwo. Aka yi 'yar dariya, wani ya ce gara in koma tuƙa tuwo ita ta karɓi sifana. Alhaji bai kore ni ba, amma motoci biyar sun koma wani gareji kuma ba su dawo ba. Har yanzu idan baƙon direba ya tambayi bakanike a tashar Isa, akan ce masa ga Ɗanmusa can, amma ya fara biyawa wurin mai tuwo.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni dai nawa bai saba ba, maganar tana min nauyi kullum. Ita kuwa ta riƙe irinta shekara da shekaru tana raha da mutane, kuma yanzu wannan nake ƙyashi fiye da hancin.

Watan jiya Muzammilu ya kawo bas a canza mata baƙin mai. Da ya tafi salla na buɗe ƙofar direba na leƙa. Ƙirya ce fa, itacen da gatari yake jin jiki a kansa. Tsakiyarta ta lotsa ta yi santsi, ga gurbin tafin ƙafa, ga na babban yatsa. Na zauna a bakin ƙofar na daɗe ina shafa wurin. Sannan na kwance notin na feƙe wani sabo na ɗaura kafin ya dawo, tsohon na jefa can ƙasan akwatin kayan aikina.

Da na je cin tuwo na wanke hannu har sau biyu da omo. Inna Tani ta ajiye min kwano, ta ɗan tsaya, na ga hancin nan ya motsa.

"Ɗanyar ƙirya," in ji ta a hankali. "Har ya cinye wancan?"

"Ya cinye, Inna."

Ta ɗebo tsoka ɗaya daga tukunya ta ƙara min, ta koma bakin murhunta.